Yadda muka auna tudun fili a Harobanda kafin mu biya kuɗinsa

Kasuwar dillalan filaye a Yamai ta fi ci tsakanin watan Maris da Mayu. A lokacin gulbi ya ja baya, tsibiran rairayi sun fito a tsakiyarsa, ƙasa ta bushe ƙamas, duk inda aka kai ka sai ka rantse ruwa bai taɓa kwana a wurin ba. A irin wannan lokaci ne aka nuna mini parsel biyu, wato filayen gini, a Harobanda, ƙetaren gada, cikin gunduma ta 5. Girmansu ɗaya, mita 300 murabba'i kowane, tazarar da ke tsakaninsu kuma tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Na farkon ya fi kusa da kwalta, ya fi kyan gani, ga shi kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Nan ne jikina ya fara ba ni, don banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuɗin ba nawa ba ne. Na yayana ne da ke zaune a Kwatano yana harkar fiton motoci, ni ɗan aike ne kawai. Da na tura masa hotuna ta WhatsApp, bai ce komai game da kyan wurin ba. Saƙon murya ya aiko: "Kada ka ba da ko dala sai an auna tudun wurin. Ka nemi mai awo na gaske, ni zan biya." Mutumin da ya daɗe a Kwatano ba a koya masa tsoron ruwa. Garin yana shimfiɗe ne a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, unguwanni da yawa tsayinsu bai fi 'yan mitoci a kan teku ba, kuma yana can ambaliyar 2010 ta ci ƙasar Benin. Ya ce a can ko hayar ɗaki za ka kama, kafin ka tambayi kuɗi sai ka fara duba gindin bango.

Mu ma nan ba baƙin abin ba ne, mantuwa ce dai ta yi mana yawa. Gulbin Isa, wato kogin Neja, yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo cikin fadamun tsakiyar Mali, bai iso mana sai wajen Disamba zuwa Fabrairu, a natse, an san da zuwansa tun da nisa. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga ɓangaren Burkina Faso, ɗauke da jar laka. Shi wannan ba ya sallama. A da baƙin ruwa ne babba, amma tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 da itatuwa suka ƙare, ƙasa ta daskare ba ta shan ruwa, duk abin da sama ta zubar sai ya gangaro gulbi a guje. Ma'aunin ruwa na Yamai yana da matakan gargaɗi uku: santimita 530 rawaya, 580 ruwan lemo, 620 ja. A 2012 ruwa ya tsaya dab da 620, a 2019 ya haura 630, a Satumban 2020 kuwa ya kai mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo. Dig ɗin Lamorde, wato katangar da ke tare gulbi, ya ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Zarmagande da sauransu, har jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar nazarin yanayi da noma ta Agrimet ba su tsira ba. Gulbin da ya yi wannan aiki shi ne dai wanda ya daina gudu ƙaf a Yamai a 1985.

Kafin in je wurin mai awo, na bi ta hanya mai sauƙi. Akwai ɗan ƙanwata da ke karatun ilimin ƙasa a jami'a, ya buɗe mini taswirar tauraron ɗan'adam a kwamfutarsa, ya ɗora alama a kan filayen biyu. Na farko ta ba da lamba, na biyu ta ba da wata da ta ɗara da mita ɗaya. Ya matsa alamar kaɗan zuwa gidan maƙwabci, lambar ta yi tsalle da mita uku. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kada ka sayi fili da wannan." Ya bayyana mini cewa yawancin lambobin tudu na kyauta da ke intanet asalinsu awon da kumbon Amurka ya yi ne da na'urar rada a watan Fabrairun 2000. Awon ya raba doron ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin mita 30 tsawo da faɗi, ya ba kowanne lamba ɗaya tak. Filin mita 300 bai ma cika gida ɗaya ba. Ga shi radar ba ta bambanta ƙasa da rufin ɗaki ko kan bishiyar mangwaro, duk abin da ta fara tararwa shi take ɗauka.

Wannan kuskure, in ji shi, ya fi cutar da mutanen bakin teku. A 2019 wasu masana na ƙungiyar Climate Central a Amurka suka gyara lissafin, suka cire tsayin gine-gine da bishiyoyi, sai ga shi yawan mutanen da hawan teku ke barazana ga gidajensu ya ninka kusan sau uku a kan yadda ake zato, wajen mutum miliyan 300 nan da 2050. Garuruwan suna inda suke, tekun ma bai canza ba, ma'aunin ne aka gyara. Na ce to mu da ke nesa da teku fa? Ya ce ai matsalar ɗaya ce: duk inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe a gefen ruwa, rabin mita shi ke raba wanda zai kwana a ɗakinsa da wanda zai kwana a ajin lakwal, kuma awon da ke kuskuren mita biyu ko uku ba zai taɓa ganin rabin mita ba. Wayar hannu ma haka take. Tana iya nuna maka titin da kake, amma tudunka sai dai ta yi canke.

Jeyometir ɗin, wato mai awon filaye, da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai ƙarancin magana, yana da ɗan biro da yara biyu masu taya shi. Ya ɗauka aikin borna na kawo, wato kafa turakun iyaka, don shi ne abin da kowa ke zuwa nema. Da na faɗi abin da nake so sai ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ya ce, "Malam, tudun wurin a kan me kake son sani?" Na ce a kan teku mana, ba haka ake yi ba? Ya ce zai iya ba ni wannan lamba, kuma za ta kama wajen mita 180, tun da kwarin Yamai ke nan, amma me zan yi da ita? Teku yana can ɗaruruwan kilomita daga nan, ba shi zai shigo mini ɗaki ba. Lambar da nake bukata ita ce tazarar da ke tsakanin ƙasan filin da inda ruwa ya tsaya a 2020 a wannan unguwa, ba a wurin ma'auni ba. Fuskar gulbi ba a kwance take daidai ba, tana gangarawa da 'yan santimitoci a kowane kilomita, kuma ruwan da ya fasa dig ya shiga unguwa yana da nasa lissafi daban. Saboda haka aikin kashi biyu ne: a nemo shaidar ruwa, sannan a ɗauko tsayinta a kai ta cikin filayen.

Muka yi ciniki. Ya rage mini wani abu bisa sharaɗin ni zan riƙe sandar awo, don ɗaya daga cikin yaransa ya yi tafiya.

Abu na farko da ya ce a yi ba shi da alaƙa da na'ura: mu je gaida mai unguwa. Ban gane hikimar ba sai da muka fito da kayan aiki. A unguwar da ruwa ya taɓa ci, mutum ya kafa ƙafa uku ya ɗora madubi a kai, maganar da ke fara zagayawa ita ce gwamnati ta zo shata gidajen da za a tasa. Ba laifinsu ba ne, sun ga waɗanda aka tasa aka tsugunar a wani fili da ake kira Seno bayan ambaliyar 2012. Mai unguwa ya saurare mu, ya haɗa mu da wani dattijo mai garka a gefen fadama, mutumin Dogon Dutsi da ya shekara aru-aru a wurin, ya ce duk inda ruwa ya taka shi ya sani.

Neman shaidar ruwa shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk aikin. Gidajen laka ba su da abin faɗi, waɗanda ruwa ya kai gare su sun narke, an sake gina wasu. Sai bangon siminti wanda ba a yi wa sabon fenti ba. Dattijon ya kai mu bayan wani masallaci, ya nuna layi. Jan ruwa in ya kwana biyu a jikin bango yakan bar zane siriri madaidaici, launin kunun kanwa, a miƙe kamar an ja da igiya, wani wuri har da ɓurɓushin ciyawa manne a ramukan bulo. Jeyometir ya durƙusa, ya karce da farce, ya buga ƙusa a kan layin, ya zagaye ta da jan fenti. Muka sami wani a jikin katangar wani shago, da wani a cikin zauren wani gida, inda uwargidan ta ce da gangan ta hana a shafe shi.

Akwai wanda ya ƙi karɓa. Wani matashi ya ja mu zuwa bangonsu ya nuna tabo mai duhu da ya kai ƙirji, yana rantsuwa nan ruwa ya kai. Jeyometir ya ce wannan danshi ne. Bulo yana tsotsar ruwa ya hau da shi sama fiye da inda ruwan ya tsaya, ana gane shi da bakinsa mai lanƙwasa da farin gishiri a gefe. Layin ambaliya ba ya lanƙwasa. Ya juya wurin dattijon: "Baba, ran da ya fi cika, a ƙofar masallacin nan ina ya kama ku?" Dattijon ya ɗora hannu kaɗan sama da gwiwa, ya ce, "Nan, kuma da asuba ne. Kafin azahar ya fara sauka da kamar faɗin yatsa biyu." Aka auna daga dokin ƙofa zuwa inda ya nuna, ya zo daidai da ƙusarmu, bambancin bai kai taƙi ba. Jeyometir ya rubuta wannan ma a littafinsa, da sunan wurin da sa'a.

Ranar awo tun bayan sallar asuba muka fara. Dalili shi ne da rana ta take, iska mai zafi na tashi daga ƙasa, lambobin jikin sanda su riƙa rawa a cikin madubi, ba a iya karanta milimita. Na'urar da suke kira nibo ba ta da wani abin mamaki a ido: madubin hangen nesa ne a kan ƙafa uku, da ɗan kumfa a cikin gilashi wanda ake murɗa ƙusoshi uku har ya zauna a tsakiya. Da zarar ya zauna, duk inda aka juya madubin, layin ganinsa a kwance yake daidai. Sandar kuma ta alminiyom ce, ana zare ta har mita biyar, an zane ta santimita-santimita da ja da baƙi.

Ga yadda abin ke tafiya. Na tsayar da sandar a kan wani dutsen siminti da ke gindin ƙusar masallaci, wanda aka riga aka auna tazararsa da ƙusar. Ya leƙa ya karanta, yaronsa ya rubuta: milimita 1,520. Na ɗauki sandar na wuce na'urar zuwa gaba, na tsaya a kan wani ƙarfe da yaron ya kafa a ƙasa, ya juyo madubin ya karanta: milimita 1,845. Ke nan wuri na biyu ya fi na farko zurfi da santimita 32 da rabi. Lamba in ta ƙaru, ƙasa ce ta sauka, don sandar ta nutse ƙasa da layin gani. Sai ni in tsaya cak a inda nake, shi ya ɗauke na'urar ya wuce ni, ya sake kafawa, ya waiwayo ya karanta, sannan in wuce shi. Haka muka riƙa tsallake juna har cikin filin farko. Yana ƙirga taku don nisan baya da na gaba su zo ɗaya, wai ko da na'urar na da 'yar karkata, kuskuren baya zai cinye na gaba.

Riƙe sanda aiki ne da ake rainawa. Dole ta tsaya tsaye sak, in ta karkata ko kaɗan lambar ta ƙaru. Ga iska, ga yara sun yi maka zobe, ga awaki, ga mai kabu-kabu da ke son wucewa ta daidai inda ka tsaya. Daga nesa yake yi mini ishara da hannu, dama, hagu, tsaya. In bai yarda da riƙona ba sai ya ce in riƙa kaɗa ta a hankali gaba da baya, shi kuma ya ɗauki lamba mafi ƙanƙanta da ya gani, don a nan ne ta miƙe daidai. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai.

A cikin kowane fili ya auna kusurwa huɗu da tsakiya, ya auna titin da ke gabansa, ya bi titin yana aunawa duk bayan 'yan taku har kwalta. Da muka gama na fara naɗe sanda, ya ce ina, saura komawa. Sai da muka sake bin wata hanya daban, da irin wannan tsallake-tsallake, har muka dawo kan dutsen da muka faro. In aka tara duk hawa da sauka na zagayen, ya kamata a tashi da sifiri. Namu ya tashi da 'yan milimitoci, ya ce ya yi. Da ya wuce abin da ƙa'ida ta yarda, da sai mu sake daga farko. Ya ce duk mai awon da bai rufe zagayensa ba, lambobinsa zance ne kawai, ko da kuwa daidai suke, tun da ba shi da hanyar sanin hakan.

Daga baya ya zo da na'urar GPS ta masu awo, mai kai biyu, ɗaya a kafe a kan wata alamar tudu ta hukumar taswirar ƙasa, irin ƙarfen nan da ake binnewa a jikin gadoji da tsofaffin gine-ginen gwamnati, ɗayan kuma a kan sanda ana yawo da shi. Na kafen yana gyara wa mai yawon kuskurensa nan take, har a sami daidaito na santimita biyu ko uku. Da wannan ya ɗaura awonmu a kan ma'aunin ƙasa baki ɗaya, don ko an rushe masallacin ko an shafe ƙusar, wani mai awo zai iya dawo da layin 2020 daga lambar da ke takarda. Na tambaye shi ko ba a yi da jirgi marar matuƙi, yadda nake gani ana yi. Ya ce ana yi, in unguwa guda ake so ko gari: a zana manyan alamomi da farar ƙasa, a auna su da GPS, jirgin ya ɗauki ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta fitar da tudu da kwari. Amma sai da izinin hukuma, ga tsada, kuma shi ma kan bishiya da rufi yake gani sai an bi an share. Wanda ke ratsa ganye ya taɓa ƙasa shi ne na hasken leza, wanda ƙasar Holan ta auna kanta da shi kaf, tun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da teku. Don fili biyu dai, in ji shi, nibo ya fi su duka gaskiya.

Takardar da ya ba ni shafi biyu ce. Na farko zane, da layukan da ke haɗa wuraren da tudunsu ya zo ɗaya, da jan layi mai kauri inda ruwan 2020 ya tsaya. Na biyu jerin lambobi. Filin farko, mai araha, kusurwarsa mafi tudu tana ƙasa da jan layi da santimita 40, mafi zurfi kuma da mita ɗaya da santimita 10. Fili na biyu gaba ɗayansa yana sama da layin, mafi ƙanƙanta da santimita 90. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan bai sani ba. Na tsaya a filayen nan da ƙafata, na kai abokai sun gani, babu wanda ya ce akwai bambancin kusan mita biyu a tsakaninsu, don gangaren a hankali yake, a cikin lungu da katangu ba ka da inda za ka hango shi.

Na kira Yaya na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da na san zai yi, don ɗan kasuwa ne: "In an cike na farkon da jar ƙasa fa? Rarar kuɗin ba za ta isa ba?" Muka zauna da jeyometir muka buga. Ba layin ruwa kawai ake son kaiwa ba, ana ƙara aƙalla rabin mita a kai, tun da babu wanda ya yi alkawarin mita 7 ita ce ƙarshe. A matsakaici sai an ɗaga filin da mita ɗaya da kwata. A mita 300 murabba'i, kubik 375 ke nan, kusan kamiyo arba'in in kowace na ɗaukar kubik goma, ban da abin da zai ragu in an daddaɓe, ban da katangar da za ta riƙe cikon, ban da tushen gini da dole ya nutse ya kai tsohuwar ƙasa. Rarar ta ƙare tun kafin a kai rabi. Ko an yi ma, me aka samu? Gida a tsakiyar tafki. Titi na nan a zurfinsa, salga za ta cika ta dawo, mai ciwo da dare sai an nemi kwalekwale. Ruwan da cikonka ya kora kuma ba ɓacewa zai yi ba, gidan maƙwabci zai shiga. Na sha ganin wannan a Yamai: kowa na ɗaga ƙofarsa yana zuba baraguzai a gabanta, titi na hawa shekara-shekara, har gidan talakan da bai iya ɗagawa ba ya koma rami.

Fili na biyu ma bai fita fes ba, kuma a nan na ga amfanin awon titi da na ɗauka ɓata lokaci ne. Hanyar da ke kai wa kwalta tana ratsa wani kwari da ke ƙasa da jan layi da fiye da rabin mita. A shekara irin 2020 gidan zai tsira, amma mota ba za ta fita ta nan ba, sai a zagaya ta bayan unguwa wajen tudu. Jeyometir ya kuma ja mini kunne a kan abubuwan da takardarsa ba ta faɗa ba. Ita gulbi kawai ta sani. Bayan dig, unguwa kamar kwano take: katangar da ke hana gulbi shiga ita ce ke hana ruwan sama fita, musamman in gulbin ya cika an toshe magudanu. Ga koramun da ke gangarowa daga tudu da ƙarfi, masu canza hanya in an yi gini a bakinsu. Ga rairayin da suke zubawa cikin gulbi yana cike cikinsa, yadda ruwan da a da zai wuce salin-alin yanzu sai ya tashi sama. Ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke tsattsafowa a wasu unguwanni ko ba a yi ambaliya ba, shi ya sa ya ce in leƙa rijiyoyin maƙwabta in tambayi inda ruwansu ke kaiwa a watan Satumba. Na leƙa, da sauran tazara mai kyau. Masu cewa dam ɗin Kandaji zai kawo ƙarshen duk wannan in an gama shi, ya ce su duba taswira: Kandaji na can sama wajen kilomita 180, Dargol da Sirba kuwa a ƙasansa suke shigowa gulbi.

Dillalin bai ji daɗi ba. Da farko ya ce ai tun bayan 2020 an gyara dig an ƙara masa tsayi, ruwa ba zai sake zuwa ba. Na ce Allah ya sa, amma wancan ma da aka gina shi haka aka ce. Sai ya sauko da murya ya roƙe ni kada in riƙa nuna takardar a unguwa, don akwai masu filaye a layin da za su ga kamar na karya musu kasuwa. Ban yi yawo da ita ba, amma ban ɓoye ba. Dattijon mai garka ya nemi kwafi na ba shi, mai unguwa ma haka. A ganina wannan awo bai kamata ya zama abin da mai saye zai biya daga aljihunsa fili-fili ba. Kamata ya yi duk takardar fili a gefen gulbi ta zo da lambar tudunsa kamar yadda take zuwa da tsawo da faɗi, kuma a zana layin 2020 a jikin turakun lantarki inda kowa zai gani. Jami'a na nan, Agrimet na nan, hedkwatar hukumar kogin Isa mai ƙasashe 9 ma a Yamai take. Masu sanin ba su yi mana kaɗan ba, sanin ne bai sauko inda ake ƙirga kuɗi a miƙa wa dillali ba.

Yaya ya sayi na biyu. Kafin jeyometir ya sallame mu, ya kafa guntun rodi a cikin siminti a kusurwar filin, ya rubuta tudunsa a takarda, ya ce daga nan magini zai ɗauki komai. Magini kuwa bai buƙaci wata na'ura ba, tiyo mai haske ya cika da ruwa, yaronsa ya riƙe baki ɗaya a jikin rodin, shi ya ja ɗaya bakin zuwa kowace kusurwa yana shata da fensir, tun da ruwa a tiyo duk inda bakinsa biyu suke tsayinsu ɗaya. Daɓen ɗakuna ya hau sama da titi da matakala uku, bakin salga aka ɗaga shi daidai da daɓen, tushe da layukan bulo na ƙasa duka na siminti ne cikakke. Ƙofar gida kuma aka juya ta ta fuskanci hanyar tudu, ko da yake hakan ya sa sai an ɗan zagaya kafin a kai kwalta, abin da matar Yaya har yanzu take mita a kansa duk ran da ta dawo daga kasuwa da kaya.